Labuwaziye, Mutumin da ya Auna Wuta

Idan mutumin Kebbe ya shiga daji ya saro itace ya labta wa jakinsa, da ƙyar jakin nan ya ke kaiwa gida saboda nauyi. Amma in mata suka gama girki da itacen nan duka, abin da za a kwashe a murhu 'yar toka ce kaɗan, wadda ƙaramar yarinya za ta ɗauka cikin ƙwarya da hannu ɗaya. To, ina sauran nauyin ya tafi? Galibin mutane za su ce wuta ta cinye. Haka kuwa mutanen duniya suka yi ta faɗi shekaru aru aru, har da masanansu. Wanda ya warware wannan al'amari da ma'auni, har kowa ya yarda, wani Bafaranshe ne. Faransawa suna rubuta sunansa Antoine Lavoisier, amma a baki Antuwan Labuwaziye a ke faɗa.

An haife shi a birnin Paris ran 26 ga watan Agusta, 1743, watau ya girmi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da shekara 11. Ubansa lauya ne mai wadata. Uwarsa ta rasu yana da shekara biyar, sai kakarsa da ƙanwar uwarsa suka riƙe shi. Da ya kai shekara 11 aka sa shi a wata babbar makaranta ta Paris mai suna Mazarin. Daga nan ya karanta shari'a, domin abin da ubansa ya ke so ke nan, ya kuwa sami takardar zama lauya. Amma bai zauna ga wannan sana'a ba. Hankalinsa yana ga duwatsu da ruwa da iska da tsire-tsire, da kuma sanin abin da aka yi kowane abu da shi.

Tun yana saurayi aka ga alamarsa. Aka yi gasa a kan yadda za a haskaka titunan babban birni da dare, ya rubuta nasa bayanin, Sarkin Faransa ya ba shi lambar zinariya cikin 1766. Bayan shekara biyu aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, bai ma cika shekara 25 ba.

Cikin wannan shekara ta 1768 ya yi wani abu kuma wanda ya kamata ku riƙe, gama zai sake fitowa a ƙarshen labari. A zamanin nan Sarkin Faransa ba ya aika ma'aikatansa su tara harajin gishiri da na taba da kuɗin ƙofa. Wata ƙungiya ce ta attajirai ta ke biyan sarki kuɗi a dunƙule, sa'an nan ta bi talakawa ta karɓa, abin da ya yi rara ya zama ribarta. Labuwaziye ya zuba dukiyarsa cikin wannan ƙungiya. Ya sami kuɗi ƙwarai, da su ne ya sayi kayan gwaji irin waɗanda ba kowane masani ke iya saye ba. Ya kuma saba da aikin littafin lissafi, inda dole abin da ya shigo da abin da ya fita su yi daidai, in ko kwabo ɗaya ya ɓace sai an nemo inda ya shiga. Amma fa talakawan Faransa ba su da abin ƙi kamar 'yan wannan ƙungiya.

Cikin 1771 ya auri Mari-An, 'yar wani babba a ƙungiyar. Ta zama mataimakiyarsa ta ainihi. Ta koyi Ingilishi, harshen da mijin bai iya ba, tana juya masa littattafan masanan Ingila. In ana gwaji tana zaune da alƙalami tana rubuta kowane awo, ita ce kuma ta zana hotunan kayan aikin da ke cikin littafinsa. Shi kuwa da rana yana ofis. Da sassafe da kuma dare ya ke shiga ɗakin gwaji, ban da yini ɗaya cikin mako wanda ya keɓe wa wannan aiki ɗungum.

Babban makaminsa ma'auni ne. Ya sa gwanayen maƙera na Paris suka ƙera masa waɗansu masu kyau ƙwarai, har abin da bai kai ƙwayar gero ba yana rinjayar da su. Ga yadda ya fara aiki da su. Masanan dā sun ce in aka daɗe ana tafasa ruwa, wani sashe nasa ya kan rikiɗa ya zama ƙasa, domin suna ganin wani farin gari a gindin kwalba. Labuwaziye ya auna kwalba, ya auna ruwa, ya liƙe bakin, ya yi ta ba ta wuta har kwana 101. Farin garin ya fito kuwa. Ya sake aunawa, sai ya tarar ruwa yana nan yadda ya ke, kwalbar ce ta ragu, abin da ta ragu kuma ya yi kusan daidai da nauyin garin. Ashe jikin kwalbar ne ruwan zafi ya ci. Zancen da aka daɗe ana koya wa almajirai ya faɗi a gaban ma'auni.

Daga nan ya juya ga wuta. Masanan Turai na lokacin suna da bayaninsu a kan ƙuna. Sun ce cikin kowane abu mai cin wuta akwai wani ɓoyayyen abu, suka sa masa suna filojistan, wai in abu yana ƙuna filojistan ne ke fita ya bar toka. Ga itace zancen ya yi kama da gaskiya, tun da ya ke toka ba ta kai itace nauyi ba. Amma ga ƙarfe ya ƙi. In aka gasa dalma ko kuza a fili har ta zama gari, garin nan ya kan fi ƙarfen nauyi. Yaya abu zai fita daga jikin ƙarfe, ƙarfen kuma ya ƙara nauyi? Waɗansu da suka rasa ta cewa sai suka ce ai filojistan ya fi babu rashin nauyi. Wannan kam ko yaro aka gaya wa sai ya yi dariya.

Cikin 1772 Labuwaziye ya ƙona farar wuta da wani abu mai saurin kamawa da a ke kira fosfaras, ya tara abin da ya fito, ya auna. Duka biyu sun ƙaru. Ya yi zaton daga iska ƙarin ya ke zuwa. Don kada wani ya riga shi, sai ya rubuta wannan a takarda, ya liƙe, ya ba magatakardan Majalisa ajiya ran 1 ga Nuwamba. Bayan shekara biyu ya tabbatar da zatonsa. Ya zuba kuza cikin kwalba, ya liƙe bakin yadda iska ba ta shiga ba ta fita, ya auna, ya gasa, ya sake aunawa. Nauyin kwalba da abin da ke ciki bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya fasa bakin sai iska ta afka ciki da ƙara, sa'an nan nauyi ya ƙaru. Ke nan ƙarfen ya sha wani abu daga iskar da ke cikin kwalbar.

To, wane abu ne? A nan ya sami taimako daga waje. Cikin watan Oktoba na 1774 wani masani Ba'ingile, Joseph Priestley, ya zo Paris, aka gayyace shi cin abinci gidan Labuwaziye. Ya ba da labarin wata iska da ya samu daga jan garin zaiba, wadda kyandir ke ci a cikinta da haske mai ban mamaki. Wani mai haɗa magani a ƙasar Suwidin, Carl Scheele, shi ma ya riga ya sami wannan iska. Su biyun sun same ta, amma zancen filojistan ya hana su gane abin da ke hannunsu. Labuwaziye ne ya gane. Sai dai da ya zo rubutawa bai ambaci taimakon da suka yi masa yadda ya kamata ba, wannan kuwa aibi ne da har yanzu a ke tuna masa.

Gwajin da ya yi da zaiba shi ne ya fi shahara. Ya zuba zaiba cikin kwalba mai dogon wuya, da iska wadda ya san yawanta, ya yi ta ba ta wuta dare da rana har kwana 12. Sannu a hankali jan gari ya rufe fuskar zaibar, iskar kuwa ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida. Ya sa kyandir cikin iskar da ta saura, ya mutu nan take. Sa'an nan ya kwashe jan garin, ya ba shi wuta mai tsanani, sai ya koma zaiba, ya saki iska kimanin wadda ta ɓace da fari. Ya mai da ita cikin waccan, suka zama iska irin ta kullum. Da haka ya nuna iskar da mutane ke shaƙa gauraye ta ke. Akwai sashen da wuta ke bukata, ya sa masa suna oksijin, akwai kuma sashen da ba ya taimakon wuta. Awon da aka yi daga baya ya nuna oksijin wajen kashi 21 ne cikin 100 na iska.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a Tambuwal ya ga wannan ilmi da idonsa. Yaron maƙeri yana danna zuga-zugi, gawayi yana ja har ya yi fari-fari, domin ana tura masa oksijin da yawa. Mai yin gawayi kuwa akasin haka ya ke yi, ya kan tula wa itacen ƙasa don iska ta shiga kaɗan kaɗan, in ba haka ba toka zai tarar. In mai ya kama wuta a kasko aka kifa masa murfi, wutar ta kan mutu don an yanke mata oksijin. Ita ma tsatsar da ke kama fartanya in an bar ta waje da damina, haɗuwar ƙarfe ce da oksijin, ƙuna ce marar harshe mai tafiyar hawainiya.

Yanzu fa an sami amsar kayan jakin nan na Kebbe. Itacen bai ɓace ba. Abin da ke jikinsa ya haɗu da oksijin ya zama tururin ruwa da wata iska marar launi wadda a ke kira kabon dayoksaid, suka tashi sama. Da za a iya tare su duka a haɗa da toka da hayaƙi a ɗora bisa ma'auni, da an ga sun yi daidai da nauyin itacen da na oksijin ɗin da wutar ta sha. Akwai masanan da suka yi wannan zato kafin Labuwaziye, amma shi ne ya mai da shi ka'idar aiki. Kowane gwaji ya yi, sai ya tsara shi kamar littafin haraji, shigowa a gefe ɗaya, fita a gefe ɗaya.

Cikin 1775 aka ba shi kula da albarushin gwamnati, ya koma zama a gidan makamai na Paris, nan ya kafa babban ɗakin gwajinsa. A can ne cikin 1783 shi da abokinsa Laplace suka ƙona wata iska marar nauyi, wadda daga baya aka sa wa suna haidurojin, tare da oksijin. Abin da ya ɗigo cikin kwalba ruwa ne tsantsa. Henry Cavendish na Ingila ya riga shi ganin ruwan, amma Labuwaziye ne ya bayyana ma'anarsa, cewa ruwa haɗi ne na iska biyu. Abin mamaki, ruwan da a ke kashe gobara da shi, shi kansa wuta ce ta haife shi.

Har wa yau su biyun suka sa ɓeran Masar cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, da kabon dayoksaid ɗin da ya fitar da numfashi, suka gwada da na gawayi mai ci. Lissafin ya zo kusa da juna ƙwarai. Ke nan tuwon da yaro ya ci yana ƙonewa a jikinsa a hankali da oksijin ɗin da ya shaƙa, shi ya sa jikinsa ke da ɗumi, shi ya sa kuma ya ke haki in ya yi gudu.

Cikin 1789 ya buga babban littafinsa na koyar da kimiyyar sinadarai. A ciki ya jera abubuwa 33 waɗanda ya ɗauka su ne asali, ba a iya raba su su zama wani abu. Ya yi kuskure a waɗansu, har ya sa haske da zafi cikin jerin. Duk da haka daga wannan littafi ne ilmin ya kama hanyar da ya ke kai har yau.

Bayan mutuwarsa waɗansu suka ɗora a kan harsashinsa. John Dalton na Ingila ya bayyana cikin littafinsa na 1808 cewa kowane abu na asali an yi shi da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da a ke kira atam, kowane iri da nauyinsa. In aka ɗauki nauyin atam na haidurojin a matsayin 1, to, bisa awon yanzu na kabon 12 ne, na oksijin 16. Kabon shi ne baƙin abin nan da gawayi ya ƙunsa. Wani masani na Suwidin, Berzelius, ya kawo dabarar rubuta su da haruffa: H haidurojin, C kabon, O oksijin. Atam na oksijin bibbiyu su ke tafiya cikin iska, don haka a ke rubuta O₂, nauyinsa 16 sau biyu, 32 ke nan. Ga yadda a ke rubuta ƙunar gawayi:

C + O₂ = CO₂
12 + 32 = 44

Watau giram 12 na kabon ya kan sha giram 32 na oksijin, a sami giram 44 na kabon dayoksaid. In aka auni abu da giram gwargwadon lambar nauyinsa, masana suna kiran wannan awo mol ɗaya. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na kabon dayoksaid giram 44. Kowane ɗan aji zai iya ci gaba da kansa. In maƙeri ya ƙona kilo 3 na kabon tsantsa, oksijin kilo 8 ya sha, ya saki kilo 11 cikin iska. Labuwaziye bai san atam ba, amma da ma'auninsa kaɗai ya ce cikin kashi 100 na wannan iska 28 kabon ne, 72 oksijin. Lissafin yau ya ba da 27 da 73.

Na ruwa ya fi wuya kaɗan. Ƙwayar ruwa H₂O ce, haidurojin biyu da oksijin ɗaya, nauyinta 18. In yaro ya rubuta H₂ + O₂ = H₂O, to, ma'auninsa ya karkace, gama oksijin biyu ne a hagu, ɗaya a dama. Ina ɗayan ya shiga? Ba a yarda ya taɓa ƙananan lambobin da ke ƙasa ba, in ya taɓa su abin ya tashi daga ruwa ya zama wani abu dabam. Abin da zai yi shi ne ya ƙara lamba a gaba, har kowane iri ya yi daidai hagu da dama:

2H₂ + O₂ = 2H₂O
4 + 32 = 36

Akwai lissafi na uku wanda ya kamata kowane gida ya sani. In gawayi bai sami isasshiyar iska ba, kowane atam na kabon oksijin ɗaya kaɗai ya ke samu: 2C + O₂ = 2CO, watau 24 da 32 sun ba da 56. Wannan CO dafi ne. Ba shi da launi, ba shi da wari, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Shi ya sa da hunturu, in aka shiga ɗaki da kaskon garwashi aka rufe ƙofa da taga aka kwanta, mutum ya kan tashi da ciwon kai, wani ma ba ya tashi.

Labuwaziye bai tsaya ga ɗakin gwaji kaɗai ba. Yana da gona babba kusa da garin Blois, inda ya ke auna iri da taki da amfanin da aka girbe, don ya gano abin da zai ƙara wa manoma albarka. Da aka yi ƙarancin abinci cikin 1788 ya ba da rancen kuɗi don a sayo wa mutanen wurin hatsi. Yana kuma cikin masanan da aka ɗora wa tsara sabon awo na mita da giram. Amma shi ne kuma ya ba da shawarar a kewaye Paris da ganuwa, don kada a shigo da kaya ba a biya kuɗin ƙofa ba. Aka fara ginin cikin 1784. Mutanen birni suka ƙullace shi a kan wannan, suka manta da sauran.

Cikin 1789, shekarar da littafinsa ya fito, talakawan Faransa suka tayar wa sarauta. Aka rushe ƙungiyar haraji cikin 1791. A farkon 1793 aka kashe sarki, cikin watan Agusta aka rufe Majalisar Masana, kafin ƙarshen shekara aka kama tsofaffin 'yan ƙungiyar, har da Labuwaziye da surukinsa. Aka tuhume su da cin dukiyar ƙasa da zuba wa taba ruwa don ta ƙara nauyi. Yana kurkuku yana tsara lissafin ƙungiyar don ya nuna inda kowane kuɗi ya shiga, amma masu shari'ar ba lissafi su ke nema ba. Ran 8 ga Mayu, 1794, aka yi musu shari'a da safe, kafin faɗuwar rana aka sare kan mutum 28. Surukinsa ne na uku, shi na huɗu. Shekarunsa 50, bai bar ɗa ba. Wannan ya faru shekara goma kafin hijirar Shehu zuwa Gudu.

Aka ƙwace gidansa da littattafansa da kayan gwajinsa, aka tsare Mari-An ita ma na ɗan lokaci. Da ƙura ta lafa gwamnati ta mayar mata da kayan. Ta tattara rubuce-rubucen da mijinta bai gama ba, ta sa aka buga, ta rarraba wa masana. Ta rayu har 1836. Ma'aunan nan nasa da kwalaben da ya yi gwaji da su an ajiye su a wani gidan tarihi na sana'o'i a birnin Paris, 'yan makaranta suna zuwa kallo.